Ajin almajiranci da Hausa a wata majami'a ta Asawase: ƙarfinsa da rauninsa

A Asawase, cikin birnin Kumasi na ƙasar Ghana, akwai wata ƙaramar majami'a da take gudanar da ajin almajiranci da harshen Hausa, kuma tun da na kammala zagaye ɗaya na wannan aji 'yan'uwa suke tambayata ko ya cancanci lokacin da yake ci. Amsata ita ce ya cancanta ƙwarai, musamman ga mai bin da Hausa ta fi shiga zuciyarsa fiye da Turanci ko Tonanci, wato harshen mutanen Asante. Duk da haka akwai wuraren da ajin yake ɗingishi, kuma tun da zan faɗe su a fili, na ga ya fi dacewa in bar sunan majami'ar da na malamanta a gefe. Dattawanta sun riga sun ji waɗannan maganganu daga bakina kafin in rubuta su.

Wanda bai san Kumasi ba zai iya mamakin abin da ya kawo ajin Kirista da Hausa a tsakiyar ƙasar Asante. Hausa ta daɗe a nan. Fataken goro ne suka fara kawo ta ta hanyar Gwanja, kuma da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya wargaza wannan babbar kasuwa, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa zangunan kudu, har da na Kumasi. Daga baya mutanen arewacin Ghana suka riƙa gangarowa neman aiki a gonakin koko, da ramukan zinariya na Obuasi, da aikin soja da na ɗan sanda, zango ya zama masaukinsu, Hausa kuma ta zama harshen da mutumin Frafra da na Kusasi da na Busanga da na Dagati suke haɗuwa a kai su fahimci juna. Bishara kuwa ta wata ƙofa ta shigo garin. Thomas Birch Freeman na cocin Methodist ya iso Kumasi a 1839, Ramseyer na mishan ɗin Basel, wanda Tonawa suka riƙe fursuna har zuwa 1874, ya dawo ya kafa aikinsa a 1896, kuma tun 1871 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Tonanci. Saboda haka ikilisiyar Kumasi da Tonanci ta tashi, da shi take waƙa, da shi take addu'a. Iyayenmu kuwa sun ji bishara ne a can arewa, inda limaman Katolika suka sauka a Navrongo a 1906, 'yan Assemblies of God kuma suka fara aiki a Yendi a 1931, suka taho da bangaskiyarsu kudu suka tarar babu mai yi musu bayaninta da harshen da suke ji sosai.

Wannan tarihi shi ya haifi matsalar da ajin yake ƙoƙarin warwarewa. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa Kiristoci sun kai kusan kashi 71 cikin ɗari na mutanen Ghana, amma Kirista ɗan arewa da ke zaune a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ba ya jin daɗin wannan yawa. A unguwa shi ne ɗan tsiraru, domin maƙwabtansa da abokan cinikinsa da waɗanda suka tashi tare yawancinsu Musulmi ne, kuma da yawa suna ɗauka cewa duk wanda ya iya Hausa irin tasa lalle Musulmi ne. Idan ya je coci kuma sai ya sake zama baƙo, ya zauna a bencin baya yana tsintar wa'azi rabi da rabi, a yi dariya bai san dalili ba, a zaɓi dattawa ba a ko tuna da shi ba. Na san matasa da dama da suka gaji da wannan zama tsakanin gida biyu, ba su bar bangaskiya da baki ba, amma sun daina zuwa sujada, sun kuma daina ambaton cewa su Kirista ne sai an matsa musu da tambaya. Wasu manyan ikilisiyoyi, kamar ta Presbyterian da ta Pentecost, sun daɗe da gane wannan giɓi har suka buɗe aiki na musamman domin 'yan arewa mazauna kudu. Ajin da nake magana a kai ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da waɗannan, amma cuta ɗaya suke jinya.

Tsarin ajin mai sauƙi ne. Ana zama ranar Lahadi bayan sujada, a ƙarƙashin rumfar da ke gefen majami'ar, kuma zagaye ɗaya yakan ɗauki wata huɗu ko kusa da haka. Ba a biyan kuɗin shiga, sai ɗan abin da ake bayarwa na buga ɗan littafin darasi, wanda ba shi da Littafi Mai Tsarki kuma ana ba shi aro. Fasto, wanda tsofaffin cikinmu suke kira Osofo kamar yadda Tonawa suke yi, shi yake buɗe kowane sashe, sa'an nan dattawa biyu da wata uwa daga zumuntar mata su ci gaba da koyarwa. Abin da ya bambanta wannan aji da sauran da na sani shi ne, tun makon farko ake haɗa kowane ɗalibi da wani mai bi da ya girme shi cikin bangaskiya, namiji da namiji, mace da mace, wanda suke kira abokin tafiya. Aikinsa ya ziyarce ka a gida ko a wurin sana'arka a cikin mako, ya yi addu'a tare da kai, ya tambaye ka yadda darasin Lahadi ya yi da ranar Talata. Fasto ya kafa hujjar wannan tsari a kan Markus 3:14, inda aka ce Yesu ya zaɓi sha biyun nan da farko domin su kasance tare da shi, kafin a zo maganar aikensu wa'azi. Ya ce duk wanda ya je Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya san ba a koyon gyaran mota a kan benci, sai yaro ya tsaya kusa da maigidansa shekara da shekaru yana miƙa masa sifana yana kallon hannunsa, kuma haka bin Almasihu yake. A ganina wannan tsari shi ne ƙashin bayan ajin, kuma duk wani alheri da na gani a cikinsa ta nan ya biyo.

Sashe na farko yana magana a kan ko wane ne mai bi, kuma nan ne malaman suka fi nuna gwanintarsu. Sun fara daga Farawa sura 1, cewa an halicci mutum cikin siffar Allah tun kafin a san wata ƙabila ko sana'a, suka bi ta Yahaya 1:12 a kan ikon zama 'ya'yan Allah da aka ba waɗanda suka karɓi Almasihu, suka sauka a Galatiyawa 3:28. Amma darasin da ya fi zama mini shi ne na ikilisiyar Antakiya, inda aka fara kiran almajirai Kirista bisa ga Ayyukan Manzanni 11:26. Dattijon da ya koyar ya sa muka karanta sunayen shugabannin wannan ikilisiya a farkon sura 13 ɗaya bayan ɗaya: Barnaba mutumin tsibirin Kubrus, da Saminu wanda ake yi wa laƙabi da Baƙi, da Lukiyas daga Kurane a arewacin Afirka, da Manayin wanda ya tashi tare da sarki Hirudus, da Shawulu mutumin Tarsus. Ya ce mu duba, ikilisiyar da ta fara aiken 'yan mishan ta baƙi ce, mutanen da suka baro garuruwansu suka haɗu a babban birnin kasuwa suna magana da harshen da ba na iyayensu duka ba. Bai buƙaci ƙarin bayani ba, domin kowa a rumfar nan ya ga kansa a ciki.

Wannan koyarwa ba ta tsaya a baki ba. A cikinmu akwai mutanen Kusasi da na Mamprusi, kuma duk mai bin labarin Ghana ya san rikicin sarauta na Bawku da ya daɗe tsakanin waɗannan al'ummu biyu, ya ci rayuka, ya hana kasuwa ci, ya sa aka yi ta kafa dokar hana fita. A makonnin farko na lura wasu mutum biyu ba sa zama a benci ɗaya, gaisuwarsu kuma ba ta wuce ɗaga hannu. Dattijon bai yi wa'azi a kansu ba, bai kuma taɓa maganar wanda yake da gaskiya a rikicin ba. Abin da ya yi shi ne, a ƙarshen wani zama ya ce kowa ya faɗi sunan wani ɗan'uwansa da ke gida wanda yake cikin haɗari, na kusa da shi kuma ya yi addu'a dominsa, ya shirya zaman yadda mutanen nan biyu suka faɗo kusa da juna. Ɗayan ya ambaci ƙanensa mai tuƙa babur, ɗayan ya ambaci gyatumarsa da ta ƙi barin gidanta. Muryar na farkon tana rawa sa'ad da yake roƙon Allah ya tsare tsohuwar, addu'ar kuma gajeriya ce ƙwarai. Ba zan ce sun zama aminai ba, amma daga ranar suna gaisawa hannu da hannu, kowa yana tambayar ɗan'uwansa labarin gida.

Sashe na biyu a kan dalilin zaman mutum a duniya ne, kuma na shiga shi da ɗar-ɗar, domin na saba jin ana mai da wannan magana ta zama alkawarin mota da biza da babban gida. A nan ba haka aka yi ba. Malaman sun ɗauki Afisawa 2:10, cewa an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya shirya, suka haɗa da Kolosiyawa 3:23 a kan yin kowane aiki da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji ake yi, suka tuna mana cewa manzo Bulus da kansa ɗinkin tanti yake yi a Koranti tare da Akila da Bilkisu. Suka kuma kawo amsar da Yahaya Maibaftisma ya ba masu karɓar haraji da sojoji a Luka sura 3, inda bai ce su bar aikinsu ba, sai dai su daina karɓar abin da ya wuce ƙa'ida, su daina ƙwace, su gamsu da albashinsu. Ga mutanen da yawancinsu masu gadi ne, da direbobi, da teloli, da masu sayar da koko da ƙosai, da masu dako a kasuwar Kejetia, jin cewa sana'arsu wurin bautar Allah ce ya ɗaga musu kai fiye da yadda zan iya faɗa. Da yawa sun taso da tunanin cewa fasto da mai bishara ne kaɗai Allah ya kira, saura kuwa aikinsu su kawo baiko.

A wannan sashe ne wani saurayi mai koyon kanikanci a Magazine ya yi tambayar da ta sa kowa ya yi tsit. Ya ce, "Baba, maigidana yakan wanke tsohon ƙarfe ya sa shi a kwalin sabo, ya aike ni in ce wa mai mota sabo ne. Idan na ƙi zai kore ni, kuɗin da mahaifina ya biya na koyon aikin kuma ya tafi ke nan. Yaya zan yi?" Dattijon, wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota kafin ya ajiye, ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ba zan ce ka je ka yi wa maigidanka wa'azi ba, domin kai yaro ne a hannunsa, abincinka kuma yana wurinsa. Amma bakinka naka ne. Ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa, ka ce ya ba ka kowane aiki komai wuyarsa za ka yi, amma ya yafe maka wannan aike." Bai bar shi da shawara kawai ba. Cikin makon ya hau mota ya je Suame da kansa, ya gai da maigidan a matsayin uban yaron, suka yi hira irin ta manya, har ya nuna masa cewa yaron da ba ya yi wa baƙo ƙarya ba zai yi wa maigidansa sata ba. Maigidan bai bar halinsa ba, gaskiya ke nan, amma ya daina aiken yaron da wannan saƙo, bai kuma kore shi ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma a ajin nan na ga almajiranci ma haka yake tafiya.

Sashe na uku, na girma cikin ruhaniya, ya fi sauran tsawo, amma ba shi da abin mamaki a cikinsa, kuma wannan yabo ne. An koya mana tsai da lokacin addu'a, da azumi ba tare da shela ba, da furta zunubi, da gafarta wa wanda ya cuce ka, da bayarwa gwargwadon ƙarfi. Mun karanta Bisharar Markus daga farko har sura ta 16, sura ɗaya ko biyu a mako, kowa ya haddace aya ɗaya ya kawo. Ma'aunin girma da aka ba mu shi ne jerin nan na Galatiyawa 5:22-23, ƙauna da farin ciki da salama da haƙuri da sauransu har zuwa kamun kai, aka ce kowa ya tambayi matarsa ko mijinta ko abokin ɗakinsa ko ya ga canji, tun da su ne suke ganin mutum sa'ad da ya gaji ko aljihunsa ya bushe. A garin da rediyo yake cike da masu sayar da mai da ruwa da hankici da sunan shafewa, inda ake tsorata mutane cewa gyatumarsu ko surukarsu ce ta ɗaure musu arziki, abin farin ciki ne a zauna wata huɗu ba a sayar maka da komai ba, ba a kuma nuna maka wani danginka a ce shi ne maƙiyinka ba. Fasto bai hana kowa hawa dutsen Atwea yin addu'a ba, ya ce ma shi kansa yakan je, sai dai ya gargaɗe mu cewa kwana uku a kan dutse ba za su maye gurbin biyan bashin da ka ci a ƙasa ba.

Ina kuma yaba yadda ajin ya bi da maganar zama da maƙwabta Musulmi. Tun ranar farko aka kafa doka cewa ba za a zagi addinin kowa a rumfar nan ba. Darasin an gina shi a kan 1 Bitrus 3:15, cewa mai bi ya zauna a shirye ya ba da dalilin begensa ga wanda ya tambaya, amma da tawali'u da ladabi. An tattauna abubuwan da muke fuskanta kullum, kamar karɓar naman Sallah, da zuwa suna da jana'iza, da rage sautin lasifika idan maƙwabta suna salla, da abin da za ka ce idan abokinka ya tambaye ka me ya sa kuke kiran Yesu Ɗan Allah. Wata uwa ta tuna mana ziyarar da Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya kai cocin Katolika na Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, lokacin cikarsa shekara ɗari, ta ce idan dattijo mai wannan daraja ya taka ƙafa ya zo gaishe mu, ba shi da kyau a ji ƙaramin yaro daga cikinmu yana gatsali a bakin masallaci. Malaman ba su sassauta abin da muka gaskata ba ko kaɗan, sun dai nuna cewa riƙe bangaskiya da mutunta maƙwabci ba sa karo da juna.

Yanzu sai inda ajin ya gaza. Babban rauninsa shi ne ɗan littafin darasin. Hausar da ke ciki ta littafi ce, irin ta arewacin Najeriya, wasu shafuffuka kuma da ganinsu ka san daga Turanci aka juyo su kalma bayan kalma. Mu kuwa Hausar zango muke yi, wadda ta sha Tonanci da Turanci, ba ta kuma cika damuwa da bambanta namiji da mace a jimla ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa kansa a Najeriya aka yi aikinsa, wanda aka fara bugawa gaba ɗaya a 1932 da hannun Dokta Walter Miller da abokan aikinsa a ciki, da sabuwar fassarar 1979 da muke amfani da ita, saboda haka akwai kalmomi da yawa da ɗan Aboabo bai taɓa ji a kasuwa ba. Malaman suna cike wannan giɓi da baki, suna warware kowace aya da Hausar gida, amma idan ɗalibi ya koma ɗaki shi kaɗai da littafin sai ya tsaya cik. Ya kamata a zauna da mutanen unguwa a sake rubuta darussan yadda ake magana a nan. Wani abu mai kyau da wani dattijo ya ɓullo da shi, ba ya ma cikin tsarin, shi ne ya riƙa sa kowa ya sake karanta ayar haddar da harshen gidansu, tun da cibiyar fassara ta GILLBT da ke Tamale ta taimaka an fassara Nassi zuwa harsunan arewa da dama, har da Kusaal da Frafra. Marigayi Kwame Bediako na cibiyar Akrofi-Christaller da ke Akropong ya shafe rayuwarsa yana nanata cewa da harshen uwa ne Maganar Allah take ratsa mutum sosai, kuma ga yawancinmu Hausa harshe na biyu ne, ko da yake shi ne ya haɗa mu. Wannan dabara ta cancanci a mai da ita doka a kowane zama.

Rauni na biyu ya fi wannan ciwo, domin ya shafi waɗanda suka fi bukatar ajin. An shirya shi ne kamar kowa ya iya karatu, alhali kuwa mata da yawa a cikinmu, musamman 'yan matan da suke dako da kwano a Kejetia, ba su yi makaranta ba. Lahadi ce kaɗai ranar da suke da ita ta wanki da kitso da hutun wuya, sujadar safe kuma takan ja har rana ta take, sa'an nan a ce su sake zaman sa'a biyu da goyo a baya, ciki ba komai. Sun fara da himma, amma kafin a kai tsakiyar zagayen yawancinsu sun janye, ba wanda zai ga laifinsu. Uwar nan ta zumuntar mata, wadda kowa yake kira Mma, ita kaɗai ta tsaya musu. Takan karanta ayar mako da muryarta ta tura musu ta WhatsApp, waɗanda ba su da babbar waya kuma ta bi su har inda suke kwana ta maimaita musu har su riƙe. Na ji ɗaya daga cikinsu ta kawo Zabura 23 da ka, ba tuntuɓe, fiye da yadda mu masu takarda muka iya. Wannan ya nuna cewa ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, tsarin ne bai yi da su ba. Majami'ar tana iya naɗar darussan duka da murya a sa a katin waya, ta buɗe wani zama gajere da yamma kusa da masaukinsu, ta kuma tanadi ɗan abin taɓawa ranar Lahadi. Ba abin da zai ci kuɗi mai yawa a cikin waɗannan, kuma bai kamata nauyin ya zauna a kan mace ɗaya ba.

Akwai kuma batun al'adun gida, wanda aka ba shi zama ɗaya tak, alhali ya isa a yi masa wata guda. Kusan kowannenmu yana da dangi a ƙauye da suke bin addinin gargajiya, kuma idan aka yi rasuwa ko ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akan kira ɗan da ke Kumasi ya aiko da kuɗin kaza ko akuya domin yanka, ko a ce shi ne babban ɗa, dole ya zo ya tsaya a kan al'adar. Amsar da aka ba mu, cewa mu girmama iyaye amma kada mu sa hannu a hadaya, daidai ce, sai dai ba ta faɗa wa mutum abin da zai ce wa kawunsa a waya ba, ko yadda zai ɗauki nauyin abinci da akwatin gawa da kuɗin asibiti domin kada a ce ya yar da dangi. Dattawan ajin sun bi ta wannan wuta da kansu, suna da abin faɗa, lokaci ne ba a ba su ba.

Abokan tafiya ma ba duka suka taka rawar gani ba. Wasu, kamar dattijon da ya je Suame, sun ɗauki abin da gaske, wasu kuwa kiran waya na minti biyu ne iyakarsu, akwai ma wanda aka haɗa shi da ɗalibin da ke Tafo alhali shi yana can wajen Bantama, kuɗin mota ya raba su. Tun da a kan wannan tsari ajin ya dogara, ya kamata a horar da su kafin a ba su mutum, a kuma riƙa tambayarsu yadda ake ciki. Haka nan idan zagaye ya ƙare, an yi addu'a an raba takardar shaida, babu wani mataki da aka shirya na gaba. An karanta mana 2 Timoti 2:2 a kan danƙa abin da ka koya ga amintattun mutane da za su koya wa wasu, amma ba a ce wa kowa ga wanda za ka riƙe a zagaye mai zuwa ba. Wasu cikinmu sun je da kansu sun nemi a ba su, fasto kuma ya karɓa da murna, sai dai abin da aka bari ga himmar mutum ɗaya ɗaya ba ya daɗewa.

Ga wanda yake tunanin shiga, ko wannan aji ko wani irinsa a majami'arsu, sabon tuba da wanda ya daɗe da baftisma amma bai taɓa zama an bi Nassi da shi daki-daki ba su ne za su fi cin moriyarsa. Wanda ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba zai ji sabon abu a darussan ba, amma ana bukatarsa a matsayin abokin tafiya. Ka zo da Littafi Mai Tsarki naka na Hausa, da na harshen gidanku idan kana da shi, ka ci abinci kafin ka fito, kuma tun ranar rajista ka roƙa a haɗa ka da wanda yake zaune ko yake sana'a kusa da kai, yadda zai iya zuwa wurinka da ƙafa. Idan kuma ba ka iya karatu ba, ka faɗa wa Mma ko ɗaya daga cikin dattawan tun farko, domin a san yadda za a riƙa kai maka darasin da murya.